Dalilin Kwalbatin Tudun Kanya

Na daɗe ina jinkirin wannan rubutu. Sau da yawa nakan sa takarda a tafireta, in buga layi biyu, in zare in ninke in sa a aljihu. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma duk rayuwata maganar wasu nake rubutawa, ban saba da tawa ba. Ina kuma tsoron in taɓa mutuncin wani dattijo da ya amince da ni. Na tambayi limamin unguwarmu ko ya halatta, ya ce idan niyyar alheri ce, kuma ban ambaci sunan mamaciya ba, babu laifi. Duk da haka na ci gaba da juya abin a raina. Yanzu lokaci ya ƙure. Akwai aikin da zai kuɓuce wa mutanen wani ƙauye idan na ci gaba da yin shiru, shi ya sa na rubuta.

Sana'ata rubuta wa mutane takardu. Ina zama a gindin wata bishiyar bedi kusa da ofisoshi a Ƙanƙara, da teburi da benci. A da, ranar kasuwa nakan ɗora tafireta a cinya in shiga mota zuwa Faskari ko Sabuwa. Samarin da ke da shagunan kwamfuta a layinmu suna girmama ni, amma nakan ji suna cewa aikin nan ai waya ma tana yi, ka faɗa mata abin da kake so ta zubo maka takarda da Turanci mai daɗi. Ban musa ba. Turancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Sai dai bugawa ita ce ƙaramin ɓangaren aikin, kuma wannan nake so yaran su gane.

A wurin marigayi Malam Sule na koya, tsohon akawun kotu ne da ya yi ritaya ya kafa teburi. Da aka kai ni wurinsa, ya daɗe bai bar ni na taɓa tafireta ba sai dai in goge ta. Da tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir nake wanke haruffan, in naɗe ribon, wato ƙyallen tawadar, in jera takardun kabon, waɗanda suka gaji a ƙasa, masu sauran ƙarfi a sama. Akwai reza ta kankare kuskure, da tawadar dangwale, da wani dutse mai santsi da ake danne takardu saboda iska. Tafiretar ba ta da haruffa masu lanƙwasa, idan takardar Hausa ce sai an gama a bi da biro a sa wa kowanne ƙugiyarsa. Ni nakan bi sau biyu, in koma in sake bi. Shi ya sa Malam Sule ya sa mini suna Wasiwasi, kuma har yau tsofaffin layin da shi suke kirana.

Wata rana shugaban masu sayar da tumatir na Sabuwa ya zo da fom, suna neman a gina musu rumfa. A fom ɗin akwai wani fili da aka rubuta wata kalmar Turanci a kansa, rashanal. Ranar na fara ganinta. Na tambayi Malam Sule a hankali, ya ce in yi shiru in saurara. Ya dubi mutumin ya ce, "Alhaji, me ya sa kuke son rumfa?"

"Saboda ba mu da ita mana."

"Ni ma ba ni da jirgin sama. Me ya sa kuke so?"

"To, ka rubuta cewa mu mutane ne masu biyayya, kuma muna yi wa shugabanni addu'a."

"Allah shi karɓa. Amma addu'a ba ta ruɓewa a rana. Me ke faruwa da ku in babu rumfar?"

Alhajin ya fusata ya ce, "Malam, kai ba ka taɓa ganin kwandon tumatir da azahar ba? Wanda aka sauke da safe, kafin a kira salla ya zama miya. Mata su zo su taya shi yadda suka ga dama, manomi ya koma gida yana zagin kansa."

Malam Sule ya juyo ya ce, "Wasiwasi, rubuta. Shi ke nan abin da fom ke tambaya."

Bayan mutumin ya tafi ya bayyana mini. Ya ce takardar neman abu tana da buƙata, tana da manufa, tana da dalili, kuma mutane suna cakuɗa su. Buƙata ita ce abin da kake so. Manufa ita ce inda kake son kaiwa. Dalili kuwa, wanda masu ofis ke kira rashanal, shi ne abin da ya taso ka daga gida. Ya ce wanda zai karanta takardar bai san ka ba, bai taɓa taka garinku ba, gabansa tarin takardu ne duk masu son abu ɗaya. Idan ya zaɓe ka, na sama da shi zai tambaye shi don me. Dalilin da ka rubuta shi ne sandar da zai dogara da ita. Idan ka ba shi kara, da shi da kai duk za ku faɗi.

Tun daga nan na lura mutanenmu iri biyu ne a wannan fili. Wasu su cika shi da yabo da gaisuwa, wasu su cika shi da kuka, mu talakawa ne, an manta da mu. Duka biyun ba sa aiki, don kowane ƙauye zai iya faɗin haka. Akwai kuma masu so a ƙara gishiri. Wasu manoma daga Mairuwa sun taɓa cewa in rubuta rijiyarsu ta ƙafe, alhali ruwan ne ya yi zartsi. Na ce musu zartsin ya isa dalili, kuma in aka turo mai dubawa ya zura guga ya ji ruwa, ba za a sake yarda da ku ba. Suka ce na cika tsoro. Gaskiya ne. Ban taɓa buga abin da ban ji daga bakin mai shi ba, kuma ban taɓa bari a dangwala yatsa ba sai na karanta wa mutum takardar tun daga sama har ƙasa, da Hausa. Wannan ƙa'idar Malam Sule ce, na riƙe ta.

Aikin da ya sa na ɗauki alƙalami yau na mai unguwar Tudun Kanya ne, Malam Iro. Ƙauyen yana can bayan Pauwa, kuma tsakaninsa da hanyar mota akwai rafi. Da rani yashi ne, yara na wasa a ciki. Da damina, idan aka yi ruwa a sama, yakan cika ya kawo har wuyan babban mutum, babu mai ƙetarewa sai ya janye. Wata ƙungiya mai aikin raya karkara ta ce ƙauyuka su kawo buƙatunsu a rubuce, za a zaɓi kaɗan. Malam Iro ya zo da dattawa biyu, suna son kwalbati. Dogo ne, ba ya son magana, yana zama a bakin benci kamar wanda zai tashi yanzu.

Na tambaye shi dalili, ya ce amfanin gona, ba sa iya fito da masara da wake. Na ce masa masara da kaka ake fito da ita, lokacin rafi ya janye, mai karatu zai gane haka. Akwai wani abu? Ya ce taki ma yana wuyar shiga. Na sake tambaya. Sai na ga dattawan biyu sun sunkuyar da kai, ɗaya yana zane a ƙasa da tsinke. Malam Iro ya ce, "Malam, abin da na faɗa maka shi za ka sa." Na sa. Na gyara shi iya ƙoƙarina, na karanta masa, ya dangwala. Ba a zaɓe su ba. Ban ga laifin ƙungiyar ba, ni kaina na buga wa wasu ƙauyukan takardu masu irin wannan dalilin a makon. Da shekara ta zagayo suka dawo, muka sake yin haka, aka sake barin su.

Zuwa na uku ya zo da yayarsa, Gwaggo Delu, wadda ita ce ungozomar ƙauyen. Ba don takarda ya kawo ta ba, asibitin ido za ta je, suka biyo ta wurina. Na shimfiɗa mata tabarma a gefe, ta zauna tana tauna goro, ido ɗaya a rufe da ƙyalle. Na sa takarda, na fara tambayata ta kullum. Malam Iro ya fara maganar masara.

Tsohuwar ta ce, "Iro, masarar nan dai? Har yau ba ta gama fitowa ba?"

"Yaya, maganar maza ce."

"Na goya ka a bayana kana mani fitsari, yau kai ne maza. Malam mai takarda, shekara nawa kana rubuta mashi masara?"

Na ce mata wannan ne karo na uku.

"To ka ci kuɗinshi a banza, kai ma da kunnuwa kamar na zomo ba ka ji komai ba."

Malam Iro ya miƙe, ya ce zai je ya sayo goro, alhali goron na hannunta. Ya tafi can wajen masu shayi ya tsaya. Sai ta matso da tabarmarta ta faɗa mini ainihin dalilin. Ɗiyarsa ta fari ce. Naƙuda ta zo mata da gardama a tsakiyar damina, Gwaggo ta yi iya abin da ta sani, ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta ce a tafi asibiti. Aka ɗora ta a amalanke, suka iso bakin rafi ya cika. Ga mai mota can a hayi an kira shi yana jira, suna ganinsa yana ganinsu. Samari suka gwada shiga da ita a kan ƙyauren ƙofa, ruwa ya nemi ya kwashe su, suka dawo. A nan bakin rafin ta cika, da ita da abin da ke cikinta. Kuma ba ita kaɗai ba ce, kafin ita an yi wata, bayanta ma an yi wadda ta rayu amma ba ta koma daidai ba.

Na ce, "To Gwaggo, me ya hana shi faɗi?"

Ta dube ni da idonta ɗaya ta ce, "Kai ba Bahaushe ba ne? Ɗiyar fari ce. Tana da rai bai taɓa kiran sunanta ba. Ranar da aka kai ta ɗaki ma gona ya tafi. Ranar da ta rasu, da aka zo yi mashi gaisuwa, cewa yake a je a yi wa ƙaninshi, shi ya riƙe ta. Yanzu kake so ya zauna a bainar jama'a ya ce a yi mashi gada don ɗiyarshi? Ai sai dai rafin ya cinye garin."

Wanda ya tashi a birni zai ce wannan wauta ce. Mu nan mun san alkunyar ɗan fari, musamman a wurin tsofaffin ƙauye. Ba rashin so ba ne. Mutumin nan shekara uku yana tahowa daga bayan Pauwa a kan wannan kwalbati, yana zama a bencina, kuma abin da ya taso shi daga gida shi ne abu ɗaya da bakinsa ba zai iya faɗa ba. Dattawan da ke rako shi kuma ba za su faɗa a gabansa ba, don kada su kunyata shi.

Nan aikin ya tsaya mini. Dalili ya samu, amma mai unguwa ne zai dangwala, ni kuma ba na bari a dangwala sai na karanta. Ta yaya zan karanta wa uba wannan a fuskarsa? Idan kuma na tsallake wurin, na sa shi ya dangwala kan abin da bai ji ba. Na faɗa wa Gwaggo damuwata. Ta ce, "Kai dai an ce maka Wasiwasi, ba a yi ƙarya ba. Ka rubuta da bakina. Ni ce ungozoma, a hannuna ta cika. Ka karanta mani, shi kuma ya tsaya inda ya ga dama. Kunne ai ba shi da ƙyaure."

Haka aka yi. Na buga filin dalili a matsayin bayanin ungozomar gari, babu sunan kowa, babu cewa ɗiyar wane ce. Na rubuta cewa da damina rafi yana raba ƙauyen da asibiti, mata masu naƙuda suna maƙalewa a bakinsa, an rasa biyu, ɗaya ta nakasa. Na bar maganar masara a ƙarshe, layi ɗaya. Ban sa kuka ba, ban sa yabo ba. Malam Iro ya dawo ya tsaya a jikin bedin, ya ba mu baya, yana kallon titi. Na fuskanci Gwaggo na karanta, da murya yadda zai ji. Da na zo inda na rubuta cewa an iso da ɗaya daga cikin matan bakin rafi da safe, sai na ji ya yi magana, bai juyo ba.

"Da hantsi ne. Kuma ruwan bai janye ba sai bayan la'asar."

Na ɗauki reza na kankare, na gyara a kan ta sama da ta kabon. Gwaggo ta dangwala, shi ma ya zo ya dangwala, ya goge yatsansa a jikin bedin, ya ce, "Yaya, tashi mu tahi, za a rufe asibitin."

Daga baya jami'in ƙungiyar, wani mai suna Malam Kabiru, ya biyo ya shaida mini cewa takardar ta shiga cikin waɗanda aka zaɓa, har an tura masu awo sun auna rafin. Ana shirin kawo siminti sai muguwar shekara ta shigo.

Duk wanda ke yankin nan ya san shekarar da nake nufi. 'Yan bindiga suka matsa wa ƙauyuka, hanyar Faskari da ta Sabuwa suka zama sai da addu'a, na daina fita kasuwanni. Mutane suka cika Ƙanƙara da tabarmi da tukwane a ka. Aiki bai yanke mini ba, sai dai ya canza. Masu neman a mayar da yaransu wata makaranta, masu neman shaidar zama ɗan gari don takardunsu sun ƙone, masu cigiyar shanu, masu cigiyar mutane. A shekarar ban cika tambayar kowa dalili ba. Mutum zai zauna, in dubi ƙafarsa da ta sha tafiya, in fara bugawa. Ribon ya yi wuyar samu, na koma ɗiga masa tawada da tsinke don ya ƙara kwana. Ƙungiyar ta dakatar da ayyukanta na cikin daji. Na ji labarin mutanen Tudun Kanya sun watse, amma babu wanda ya biyo ta wurina a cikinsu.

Kwanan baya Malam Kabiru ya sake zuwa, da fayil a hannu. Ya ce sun dawo aiki a wuraren da hankali ya ɗan kwanta, kuma takardar Tudun Kanya tana sama. Sai dai shekaru sun wuce, dole a kawo sabon bayani da sabon dangwale, a nuna cewa dalilin yana nan. Idan babu kowa a ƙauyen, ba za a zuba siminti a daji ba, za a ba wani ƙauyen da ke jira, kuma su ma suna da nasu dalilin. Ya ce aikin kwalbati da rani ake yi, in ruwa ya sauka ba a kawo ba, za su rufe fayil ɗin.

Wani mai shagon kwamfuta da ke jin mu ya ce, "Baba Wasiwasi, ai abu mai sauƙi ne. Kawo tsohuwar in buga maka sabuwa yanzu, a canza kwanan wata. Dangwale kuwa yatsa ai yatsa ne." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, yana tausayinsu ne. Na ce masa tsohuwar takardar gaskiya ce a ranar da aka buga ta. Yau ban sani ba. Idan na buga cewa mata na maƙalewa a bakin rafi alhali garin kango ne, na ƙwace kwalbati daga wasu matan da ke maƙalewa a bakin wani rafin. Idan kuma mutanen sun koma, na zauna ban nemo su ba, to wata za ta sake kwanciya a kan amalanke tana kallon mota a hayi.

Na yi cigiya iya inda ƙafata ke kaiwa. Wani direba ya ce ya ga Malam Iro a Funtuwa yana gadin wani gida. Wata mai sayar da daddawa daga Ketare ta ce a'a, wasunsu sun koma tun bara, suna noma da rana, suna kwana a Pauwa. Wani ya ce Gwaggo Delu ta rasu, wani ya ce ƙarya ne, ya gan ta a wurin suna. Ba zan iya buga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, don duk ji-ta-ji-ta ne. Ni kuma gwiwa ta hana ni hawa babur zuwa can, kuma masu babur ɗin ma ba kowa ke yarda ya wuce Pauwa ba.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, ko aka karanta masa, a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ko inda gudun hijira ya kai mutanenmu. Idan ka san inda mutanen Tudun Kanya suke, ko ka taka ƙauyen da ƙafarka a bana, ka zo gindin bedi ka faɗa mini abin da idonka ya gani, ko ka aiko wanda ya gani. Idan ka san inda Malam Iro yake, ka gaya masa siminti na jiransa, kuma ba zan tambaye shi komai ba, yatsansa kawai nake so. Amma a zo mini da macen da ke karɓar haihuwa a garin yanzu, ko Gwaggo ce ko wadda ta gaje ta. Ita zan tambaya, kafin hadari ya fara haɗuwa: akwai mata masu ciki a hayin rafin nan, ko babu?